Sharhi: Yatsunmu goma sun shiga kwamfuta, wa ke riƙe da makullin?

Duk wanda ya je rajistar e-ID Togo ya san yadda abin yake. Za a ce ka ɗora yatsu huɗu na dama a kan wani ɗan gilashi mai haske, sannan huɗu na hagu, sannan manyan yatsun biyu. A ɗauki hoton fuskarka, a ɗauki na ƙwayar ido, daga nan sai a ba ka lambar da ake kira NIU, wadda za ta bi ka har ƙarshen rayuwa. Majalisar dokoki ta amince da dokar wannan aiki a watan Satumban 2020, hukumar ANID ce ke gudanar da shi, Bankin Duniya kuma ya ba Togo dala miliyan 72 a ƙarƙashin shirin WURI, wanda Benin da Burkina Faso da Nijar su ma suke ciki.

A majalisun Zongo magana ta rabu biyu. Wasu na cewa alheri ne ya zo wa talakan da bai taɓa mallakar takarda ba. Wasu kuma na cewa, "Kai dai bari, 'yan sanda ake tara wa." Kowane ɓangare na da abin kamawa. Amma kafin mutum ya yanke hukunci, ya kamata ya san mene ne zanen yatsa, daga ina aka faro amfani da shi, me yake iya tabbatarwa a gaban alƙali, me kuma ba ya iyawa. Mu mutanen Cacavéli ma mun fi kowa haƙƙin sani, tunda kotun ɗaukaka ƙara ta Lome da ofishin binciken manyan laifuka na jandarma, wato SCRIC, duk maƙwabtanmu ne.

Abin da ke jikin yatsan

Mai karatu, dubi cikin babban yatsanka da kyau. Za ka ga layuka ƙanana a jere kamar kunyoyin gona. Tun jariri na ciki, daga wajen wata na uku, suke fara fitowa, kuma kafin a haife shi sun gama zama. Ba sa canzawa har mutuwa, girma kawai suke yi. In fatar ta goge ko ta ɗan ƙone, zanen zai dawo yadda yake, sai fa in raunin ya yi zurfi ya bar tabo.

Siffofin manya uku ne. Akwai mai lanƙwasa kamar ƙugiya, shi ya fi yawa, wajen kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na yatsun mutane. Akwai mai zagaye kamar gammo, wajen kashi 30 zuwa 35. Sai mai ɗan tudu kamar baka, wanda bai wuce kashi 5 ba. Waɗannan siffofi ba su isa su ware mutum ɗaya ba, don miliyoyi ne ke da gammo a babban yatsa. Abin da masu bincike ke dubawa shi ne ƙananan alamomi: inda layi ya tsaya cak, inda ya rabu biyu, inda ya zama ɗan ɗigo shi kaɗai, da yadda suke zaune kusa da juna. A nan ne ko Hassan da Husaini, masu kama ɗaya sak, suke bambanta. Malamanmu kan tuna mana cewa aya ta 4 ta Suratul Ƙiyama ta ambaci kan yatsu wajen bayanin ikon Allah na mayar da halitta. Hausawa ma sun ce yatsun hannu ba ɗaya ba ne, ko da yake tsawo suke nufi.

Daga Indiya aka faro

Mutanen da, a Babila da Sin, sun riƙa danna yatsa a kan yumɓu a matsayin hatimi. Amma amfani da shi a hannun hukuma, irin wanda muka sani yau, daga mulkin mallakar Ingila a Indiya ya fito. A 1858 wani jami'in Turawa mai suna William Herschel ya ƙulla kwangilar kayan gyaran hanya da wani ɗan kasuwa, Rajyadhar Konai, a yankin Bengal. Sai ya sa shi ya shafa tawada a tafin hannu ya danna a bayan takardar, don ya tsorata shi kada gobe ya ce ba shi ya sa hannu ba. A 1877, da Herschel ya zama majistare a Hooghly, ya shigar da dangwalen yatsa cikin biyan fansho da rajistar takardun ciniki da kuma gidan yari.

A 1880 wani likita ɗan Scotland da ke aiki a Tokyo, Henry Faulds, ya rubuta a mujallar Nature cewa sawun yatsan da aka bari a wurin da aka yi laifi zai iya tona asirin mai laifin. A 1892 Francis Galton ya fitar da littafi sukutum a kan batun. A wannan shekarar ce kuma aka yi shari'ar farko. A garin Necochea na Ajantina an tsinci yara biyu an kashe su, uwarsu Francisca Rojas ta ce maƙwabcinsu ne. An kama bawan Allah, an matsa masa, ya ƙi amsa laifi. Sai wani sufeton 'yan sanda ya ga sawun yatsa na jini a jikin ƙofa, ya yanko katakon, aka gwada bisa tsarin da Juan Vucetich ya kafa. Sawun na uwar ne, kuma ta amsa. A lura da kyau: a karon farko da yatsa ya yi magana a shari'ar kisa, ya kama mai laifi, ya kuma kuɓutar da wanda aka yi wa ƙazafi.

Matsalar da ta rage ita ce ta ajiya. In kana da katuna dubu ɗari, yaya za ka nemo ɗaya? A Kalkata aka warware wannan, inda aka buɗe ofishin zanen yatsa a 1897. Wasu 'yan sanda biyu 'yan ƙasa, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, su suka yi aikin lissafin da ya raba katunan gida 1,024. Amma da sunan maigidansu Bature, Edward Henry, aka san tsarin har yau. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A 1901 Henry ya kai shi Scotland Yard a Landan, daga can ya bazu duniya.

Faransa, wadda muka gaji tsarin shari'arta, ta ɗan makara. Alphonse Bertillon na 'yan sandan Paris ya fi yarda da awon jiki, tsawon kai da hannu da ƙafa da kunne. Duk da haka shi ne a 1902 ya gano wani mai kisa, Henri-Léon Scheffer, ta sawun da ya bari a jikin gilashi. Daga baya Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken kimiyya na 'yan sanda a Lyon a 1910, ya kafa ƙa'idar cewa sai alamomi 12 sun dace kafin a ce tabbas mutum ɗaya ne.

Akwai wani gefen tarihin da ba a cika faɗa ba. A Turai, masu laifi ake ɗaukar wa yatsa. A ƙasashen da aka mallaka kuwa, jama'a ake ɗaukar wa gaba ɗaya. A Transvaal ta Afirka ta Kudu an tilasta wa Indiyawa ba da yatsu goma, abin da ya sa Gandhi ya fara gwagwarmayarsa a 1906, har a Agustan 1908 suka tara takardun rajistar suka cinna musu wuta a harabar masallacin Hamidiya na Johannesburg. A Kenya, daga wajen 1920, duk namiji baligi ɗan Afirka sai ya rataya kipande a wuya, wani ɗan gwangwani mai ɗauke da zanen yatsansa da sunan wanda yake yi wa aiki. Saboda haka tsohon da ya ji gabansa ya faɗi da aka ce ya miƙo yatsu, ba jahilci ne ke damunsa ba. Fargabar tana da asali.

Zanen rajista daban, sawun wurin laifi daban

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Zanen da ka bayar a wurin rajista cikakke ne, a natse aka ɗauka, yatsu goma, in bai fito ba a ce ka goge hannu ka sake. Gwada irin wannan da irinsa abu ne mai sauƙi ga kwamfuta, kuma kuskure a ciki kaɗan ne.

Sawun da ɓarawo ya bari a jikin kwaɗo ko gilashin mota wani abu ne dabam. Gumi ne da maiƙon jiki, ido ma ba ya ganinsa sai an fito da shi. A kan abu mai santsi ana barbaɗa hoda mai laushi a ɗauke da salatif. A kan takarda ana amfani da sinadarin ninhidirin, wanda ke mayar da sawun shunayya. A kan leda kuma ana turara hayaƙin gam mai ƙarfi, irin wanda muke liƙe takalmi da shi. Abin da ke fitowa galibi rabi ne ko kwata, a goge, a murɗe, wani lokaci a kan sawun wani. In an sa shi a kwamfuta, ba ta cewa "wane ne". Jerin waɗanda suka fi kama take kawowa, sannan mutum ya zauna ya duba da idonsa ya yanke hukunci.

To, mutum kuwa ajizi ne. Ranar 11 ga Maris 2004 aka tayar da bama-bamai a jiragen ƙasa a Madrid, mutum fiye da 190 suka mutu. An samu sawun yatsa a jikin wata leda mai ɗauke da kayan tayar da bam. Kwamfutar hukumar FBI ta Amurka ta kawo sunaye 20, ƙwararrunta uku suka ce na huɗu a jerin ne, wani lauya a jihar Oregon mai suna Brandon Mayfield, wanda ya musulunta. 'Yan sandan Sifen sun ce musu sawun bai dace ba, suka ƙi ji. Har ƙwararren da kotu ta ɗauko daga waje ya bi bayansu. Mayfield ya yi mako biyu a tsare kafin Sifen ta gano mai sawun na gaskiya, wani ɗan Aljeriya, Ouhnane Daoud. FBI ta nemi gafara, gwamnati ta biya shi dala miliyan 2 a 2006. Binciken ma'aikatar shari'ar Amurka ya nuna cewa ba addininsa ne ya jawo kuskuren farko ba, amma yana cikin abin da ya hana a sake duba aikin da idon basira bayan an yi shi.

A 2006 wani masani mai suna Itiel Dror ya yi wani gwaji. Ya ɗauko ƙwararru biyar, ya ba kowannensu sawun da shi da kansa ya taɓa cewa ya dace shekarun baya, amma aka gaya musu wai sawun shari'ar Mayfield ne. Ɗaya kaɗai ya tsaya a kan maganarsa ta farko. Yatsun ba su canza ba, labarin da aka raɗa musu a kunne ne ya canza.

Ko da sawun naka ne da gaske, abin da ya tabbatar kawai shi ne ka taɓa abin. Bai faɗi yaushe ba, bai faɗi dalili ba. Yaron shago dole a samu sawunsa a jikin akwatin kuɗin maigidansa. Ɗan zemijan da ya taya fasinja ɗaukar jaka ya bar nasa a kanta. A tsarin shari'a irin na Faransa, rahoton ƙwararre ba ya ɗaure hannun alƙali, shi ke auna hujja, kuma lauya na iya neman a ba wani ƙwararren ya sake dubawa. Iyalan da ɗansu ke tsare su riƙe wannan.

Ribar da ke ciki gare mu

Duk da wannan, wanda ya ce mu ƙaurace wa rajista bai yi mana adalci ba. Mu ne muka fi kowa shan wahalar rashin takarda. Kakanninmu sun zauna Lome tun zamanin Jamusawa, an rushe tsohon Zongo na cikin gari a 1977 aka maido mutane nan arewa, amma har yau akwai jikokin da ake yi wa kallon baƙi in sun je neman takarda. A Afrilun 2020, lokacin korona, da gwamnati ta fito da tallafin Novissi ta wayar salula, katin zaɓe aka nema. Wanda ba shi da shi ya ga samu ya ga rashi. Lambar NIU kyauta ce, kuma ta kowane mazaunin ƙasa ce, ɗan ƙasa da baƙo. Sai dai a sani, ba ta maye gurbin takardar nasiyonalite ba. Tana cewa kai ne kai, ba ta cewa kai ɗan wace ƙasa ne.

Sannan ga matsalar suna. Duk malamin makaranta a unguwannin nan ya san ta. A aji ɗaya sai ka samu Abubakar uku, ɗaya an rubuta masa Aboubakar, ɗaya Aboubacar, ɗaya Boukari. Yaro ɗaya ma sai ka ga takardar haihuwarsa ta ce Mohamed, ta makaranta ta ce Mouhamed. Ranar haihuwar dattawa da yawa kuwa ƙiyasi ce, 1 ga Janairu ko 31 ga Disamba. A irin wannan hali, abu ne mai sauƙi laifin wani Ibrahim Musa ya hau kan wani Ibrahim Musa, ko a wurin neman takardar kaziye, ko a kan iyaka. Yatsa na raba wannan gardama cikin minti ɗaya. Ga mutumin kirki mai sunan da kowa ke da shi, wannan kariya ce babba.

Ɓangaren binciken laifi ma muna buƙatarsa. Da kasuwar Kara da babbar kasuwar Lome suka ƙone a Janairun 2013, sai da aka gayyato ƙwararru daga Faransa su duba musabbabin wutar. Ƙasar da ba ta da isassun kayan binciken kimiyya, a kan shaidar baki da amsa laifi take dogara, kuma kowa ya san yadda ake samo amsa laifi a wurare da yawa a duniya. A 2012 Interpol ta fara tafiyar da shirin SIPAO da kuɗin Tarayyar Turai, don 'yan sandan Afirka ta Yamma, har da Togo, su mayar da bayanansu cikin kwamfuta su riƙa musaya, kuma an ƙara masa sashen zanen yatsa. In aka yi shi da gaskiya, hoda da salatif sun fi kulki.

Tambayoyi uku da ya kamata a amsa a fili

Ta farko: akwai katanga tsakanin rumbun ANID da rumbun 'yan sanda? Darasin Mayfield shi ne duk wanda ke cikin rumbun da ake bincikawa zai iya faɗowa cikin jerin nan na masu kama, kuma yawan mutanen da ke ciki, yawan kamannin da za a ci karo da su bisa tsautsayi. Indiya, mai rumbun Aadhaar na mutum fiye da biliyan ɗaya, ta rubuta a dokarta ta 2016 cewa ba a ba kowa zanen yatsa da na ido, kuma a 2018 hukumar ta ƙi buɗe wa 'yan sanda da aka nema. Togo na da dokar kare bayanan mutane tun Oktoban 2019, da hukumar IPDCP da aka ɗora wa tsaronta. Aikin 'yan majalisarmu da 'yan jarida ne su sa a yi wa jama'a bayani dalla-dalla, da Faransanci da Ewe da Kabiye da Tem da Hausa: wa ke da izinin dubawa, da umarnin wa, kuma ina ake kai ƙara.

Ta biyu: wanda aka ɗauki yatsunsa a komisariya sannan aka sallame shi ba laifi, yaushe ake goge su? Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke wa Birtaniya hukunci a Disamban 2008 cewa riƙe zanen irin waɗannan mutane har abada tauye haƙƙi ne. Unguwar da aka fi yin kame a cikinta, 'ya'yanta ne za su cika rumbun, ko sun yi laifi ko ba su yi ba.

Ta uku: wanda na'ura ta ƙi karanta yatsansa fa? Magina da siminti ya cinye wa hannu, mata masu wanki da masu dako a Asigame, mahauta, tsofaffin da fatarsu ta saki, duk zanensu kan dushe. A Najeriya hukumar jarrabawa ta JAMB ta sha gargaɗin 'yan mata su guji lalle kafin tantancewa. A zaɓen 28 ga Maris 2015 na'ura ta ƙi tantance shugaban ƙasa Goodluck Jonathan kansa a mazaɓarsa ta Otuoke. Shi an san shi, an samo masa hanya. Tsohuwar da ta je karɓar tallafi ko magani fa, wa zai tsaya mata? Ɗaukar hoton ido da fuska da ake yi zai rage matsalar, amma dole a rubuta cewa gazawar na'ura ba ta soke haƙƙin mutum. A Kenya, ƙungiyar Nubiyawa, tsiraru Musulmi masu fama da matsalar takarda irin tamu, tana cikin waɗanda suka kai shirin Huduma Namba kotu, kuma a Janairun 2020 kotu ta ce kada a ci gaba sai an kafa cikakkun dokokin kariya. Ba zanga-zanga suka yi ba, lauya suka ɗauka.

Namu aikin

Akwai abubuwan da ba sai mun jira gwamnati ba. In an fasa shago ko ɗaki, al'adarmu ce unguwa ta cika wurin don jaje, wannan ya kama ƙofa, wancan ya ɗaga kwaɗon yana salati. Kafin jami'ai su iso, hannu talatin sun bi ta kan sawun ɓarawon, wataƙila ma na mai jajen ne zai fito. A yi jajen daga waje, a ja igiya, a kira hukuma.

Na biyu, kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, ko ta cinikin fili ce, ko ta bashi, ko bayanin da aka rubuta a ofishin bincike. Tun zamanin Herschel amfanin dangwale ke nan, a ɗaure mutum yadda ba zai iya musu ba. Wanda ba ya jin Faransanci ya nemi tafinta, ya tafi da ɗansa ko wani amintacce mai karatu. Rikicin filaye a Lome ya ishe mu ishara.

Na uku, a je a yi rajistar, a kai iyaye da matan gida, amma a tsaya a duba yadda aka rubuta suna da ranar haihuwa kafin a bar wurin, a tabbatar sun dace da takardar haihuwa. Kuskuren da aka liƙa wa yatsa ya fi na takarda wuyar gyara. Limamai da sarakunan Zongo da ƙungiyoyin matasa kuma su gayyato jami'an ANID da na IPDCP su zo su zauna da jama'a, a yi musu tambayoyin nan uku ido da ido, a rubuta amsar a ajiye.

Allah Ya kare mu daga ƙazafi, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.